Alƙalanci a Damagaram

Tunda ka ƙi bi na, ka ce sanyi ya yi yawa kuma aljihunka ba ya ɗaukar sefa, sai ka gyara zama ka sha labari. Ka tuna abokin nan nawa Badamagare da muka yi karatu tare a Kano? Yanzu yana da shagon koyar da kwamfuta a garinsu. Shi ne ya kira ni ya ce ɗalibansa sun matsa masa lamba sai an yi musu gasar ƙirƙirar wasan waya a ƙarshen mako, kuma yana neman alƙali daga waje. Na ce masa ai akwai waɗanda suka fi ni a Yamai. Ya ce ba gwaninta yake nema ba, yana neman mutumin da ba shi da ƙane ko ɗan 'yar'uwa a cikin masu gasar. Wannan sharaɗi kam na cika shi.

Daga tashar Ƙofar Ruwa muka tashi da sassafe, mu huɗu a kujerar baya, jakar kwamfutata a kan cinya. Dambatta, Kazaure, Daura, duk hanyar da ka sani ce, ba sai na ɓata maka lokaci ba. Bayan Mai'aduwa muka kai Kwangwalam, aka sauka, aka nuna takardu, aka jira, aka sake shiga mota. Da muka tsallaka Ɗan Barto babu abin da ya sauya a ido: rumbunan gero iri ɗaya, amalanken shanu iri ɗaya, Hausar ma ita ce. Kakin jami'ai da rubutun allunan hanya ne kawai suka koma na Faransanci.

A Matamaye na fara gane cewa na bar gida. Na sayi shayi da burodi, mai shayin ya ce dala arba'in. Na laluba cikin canjin da na yi a iyaka na miƙa masa tsabar hamsin, ina jiran canji. Ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya ce, "Malam, daga Najeriya ko?" A can da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, saboda haka dala arba'in sefa 200 ke nan, jaka kuma sefa 1,000. Mutum yana riƙe da takardar da aka buga wa lamba ɓaro-ɓaro amma bakinsa na faɗin wata lambar daban, kuma duk kasuwa ta fahimce shi. Ni da nake cin abinci da lissafi, har na baro ƙasar sai na motsa leɓe kafin in biya ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓansu.

A Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai, muka miƙe gabas. Wani dattijo da ke gefena ya nuna mini Tirmini ta taga. Nan ne a 1899 rundunar Sarki Ahmadu Kuran Daga ta gwabza da sojojin Faransa, shekara guda bayan an kashe wani hafsansu mai suna Kazamaju a Damagaram. Da dattijon ya ji ni Bakano ne sai ya gyara murya, ya tuna mini cewa wannan sarkin dai shi ne ya kai yaƙi har Gezawa a zamanin Sarkin Kano Alu. Na ce, "Baba, ai ba ku shiga birni ba." Ya ce, "Mun bar muku ne don ku samu inda za ku riƙa sayar mana da atamfa." Motar duka ta ɗauki dariya, kuma babu wanda ya tsaya mini.

Da ka doshi Damagaram, duwatsu ne suke fara yi maka maraba, manya-manya masu sulɓi, wasu a kan wasu, gidaje sun lallaɓa sun zauna a tsakaninsu. Kilomita wajen 240 ne kawai daga Kano, Yamai kuwa tana can nesa kusan kilomita 900, amma yawancinmu mun fi sanin labarin Dubai. A takarda sunan garin Zinder, a baki Damagaram. Shi ne hedikwatar mulkin Faransa a ƙasar daga 1911 har 1926 da aka mayar da ita Yamai, kuma har yau in Badamagare ya ba ka wannan labari za ka ji kamar bara aka yi musu ƙwacen.

Shagon abokina ɗaki biyu ne da rumfa, da tsofaffin kwamfutoci a jere da janareta a bayan gida. Na zauna in rubuta musu ƙa'idoji, sai yatsuna suka rikice. Allon rubutun Faransawa ne: inda na saba samun Q sai na tarar da A, inda W take sai Z, lambobi ma sai ka danne wani maɓalli kafin su fito. Wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha shida ba ta tsaya a bayana tana kallo, can ta ce, "Malam, ko in rubuta maka?" Na tashi na ba ta kujera. Yawancinsu da Godot suke aiki, injin haɗa wasa na kyauta da wasu 'yan Ajantina biyu suka saki a 2014, ƙananan cikinsu kuma da Scratch. Aka rubuta jigogi a takardu aka zuba a hula, ƙaramin cikinsu ya zaro ɗaya: ruwa. Ɗakin ya yi wata irin dariya da ban gane ba sai da gari ya waye na ga layin jarkoki a bakin famfo. Ƙarancin ruwa tsohon ciwon garin ne.

Bari in gaya maka abin da na zo da shi a kaina, don ka gane rigimar da ta biyo baya. Akwai wata gasa ta intanet mai suna Ludum Dare da aka faro a 2002, ita ce uwa a wannan harka. Manyan kashinta biyu ne. A kashi na farko mutum ɗaya ne, awa 48, zane da sauti duk sai a cikin lokacin za ka yi su, kuma dole ka buɗe kod ɗinka, wato rubutun umarnin da ke tafiyar da wasan, kowa ya gani. A kashi na biyu awa 72 ne, ana iya yi a ƙungiya, kuma an yarda ka ɗauko zane ko kiɗan da ba kai ka yi ba, sai dai ka cire kanka daga neman maki a wannan fanni. Babu alƙalai na musamman. Waɗanda suka yi wasa su ne suke buga na juna su ba da tauraro ɗaya zuwa biyar a kan daɗi, da sabon tunani, da bin jigo, da zane, da sauti da sauransu. Sai wasanka ya samu kimanin mutum 20 da suka auna shi kafin a sa shi a jeri, kuma gwargwadon yadda kake auna na wasu, gwargwadon yadda ake tura naka gaban mutane. Tsari ne mai kyau, na daɗe ina yaba shi. Na karanta musu shi a gajarce, suka gyaɗa kai, aka fara.

Da na ga zamana a kansu ba ya ƙara musu komai sai fargaba, na fita yawo. Garin kashi-kashi ne: Birni inda fada take, Zango unguwar fatake ta da, sai sababbin unguwanni. A Birni lunguna ne matsattsu, da gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuska irin waɗanda muka rushe a Kano muka zuba bulo. Fadar tun tsakiyar ƙarni na 19 take, zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884, shi ne ya kewaye garin da ganuwa, kuma a zamaninsa a nan cikin garin ake ƙera igwa. Dogarai da jajayen kaya suna zaune a ƙofa. Na gaishe su, na tsaya daga nesa.

Abin da ya fi riƙe ni yana gindin wata bishiya, inda dattawa suke dara a ƙasa. Ramuka talatin, layi biyar gida shida-shida, wannan da tsinke goma sha biyu, wancan da tsakuwa goma sha biyu. Ka jera uku ka ci ɗaya na abokin karawa, in suka zama huɗu ba ka ci komai ba. Babu alƙali, amma 'yan kallo sun fi alƙali tsanani. Wani ya ɗaga tsinkensa ya ga ya yi kuskure, ya so ya mayar, kafin ya sauke hannu mutum uku sun ce a'a. Ya yi tsaki ya ajiye inda ya nufa da farko, aka cinye shi.

Da la'asar abokina ya ɗauke ni a babur zuwa kallon kokawa, su kokowa suke cewa. Mun wuce babban filin garin da aka sa wa sunan Langa-Langa, tsohon gwaninsu, amma wadda muka je gani ta samarin unguwanni ce a wani fili mai yashi. A Nijar kokawa ba wasan ƙauye ba ce kamar yadda muka mayar da ita. Tun 1975, zamanin Seyni Kunce, ake gasar ƙasa ta neman takobi. A Tawa aka fara, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Jihohi takwas kowace tana kawo mutum goma, ana zagayawa da gasar jiha-jiha, ƙasa kuma tana tsayawa cik a gaban rediyo da talabijin. Kadri Abdu na Dosso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobin sau shida. Damagarawa kuwa ba sa gajiya da ambaton Balla Haruna, da Tasi'u Sani da ya ci a gida a farkon 2018. A gasar takobi ba a raba mutane bisa nauyi, ƙarami na iya faɗawa hannun ƙato, alhali a gasar ƙasashen Afirka ta Yamma ana rabawa. Kowane tsari da abin da ya ɗauka adalci ne, kuma duk wanda ya shiga ya san wanne ya shiga.

Ka so ka ga yadda suke shigowa fili. Layu a damtse, guru a ƙugu, wani da gora a hannu yana zuba wani ruwa a ka, wani yana tona rami da ƙafa yana binne abin da ban gani ba. Makaɗa suna zuga su, calicali, wato ɗan barkwancin fili, yana kwaikwayon tafiyarsu da tumbinsa a waje. Babu wanda ya ce a cire laya don daga gida aka zo da ita. Kafin a kama, alƙalin wasa ya duba faratansu, ya shafa kafaɗar ɗaya ya ji santsi, ya sa aka goge masa jiki da yashi a gaban kowa, ya sa ɗayan ya cire wani abu mai ƙarfe daga hannu. Sauran duk aka bar musu. Aka yi ta zagaye, aka sunkuya, aka riƙe wuya. Sai ƙaramin ya shige ƙarƙashin babban ya ɗauke ƙafarsa, babban ya zauna daɓas. Filin ya fashe. Babu wanda ya jira alƙali ya faɗi sakamako, har wanda aka kayar.

Ranar hukunci mu uku ne alƙalai: ni, da wani malamin lissafi na sakandare, da wata mai zanen tallace-tallace. Aka ce kowa ya ba da maki bisa 20, yadda ake yi a makarantunsu. Na buga wasan farko, ya yi mini daɗi, na lissafa a raina cewa wannan ya kai kashi 85 cikin 100, na rubuta 17. Malamin lissafi ya leƙo takardata ya zare ido. Shi 12 ya ba wanda ya buga, kuma a wurinsa yabo ne. A tsarin da suka gada daga Faransa 10 ita ce tsira, 14 abin a yi murna, 16 kuwa sai a kira dangi. Matsalar ita ce mun raba wasannin ne don sauri, kowane alƙali da nasa kason. Ka ga ke nan duk wanda ya faɗo hannuna ya haye, wanda ya faɗa hannun malam ya nutse, ba don aikin wani ya fi na wani ba. Muka soke rabon. Kowane alƙali ya buga kowane wasa, kuma maimakon maki kowa ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a haɗa matsayi. Ya ci mana lokaci har bayan magariba.

Ƙuri'ar masu gasar kuwa, wadda na kawo da alfahari daga Ludum Dare, ita ta fi ba ni kunya. Da aka buɗe takardu sai ga tauraro biyar-biyar da ɗaya-ɗaya, babu na tsakiya. Abokina ya karanta ya yi murmushi, ya ce zai iya gaya mini wanda ya rubuta kowace takarda. Samarin garin kowa da fadarsa, wato majalisar shayi inda ake kwana ana hira, kuma ɗan fadarku ba ya samun ƙasa da biyar ko da wasansa bai buɗe ba. A intanet tsarin yana aiki ne saboda wasanni dubbai ne, masu aunawa baƙin juna ne, ɗan Brazil ba ya jin nauyin ɗan Folan. A ɗakin da kowa zai haɗu da kowa a masallaci da asuba, ƙuri'a zumunci take aunawa. Malamin lissafi ya kawo shawarar a yar da maki mafi sama da mafi ƙasa na kowane wasa, kamar yadda ake yi wa masu tsalle cikin ruwa a gasar Olamfik. Muka gwada, bai gyara komai ba, don in ka yar da biyar ɗaya da ɗaya ɗaya, sauran ma biyar da ɗaya ne. A ƙarshe aka mayar da ƙuri'ar kyauta ta daban, ta farin jini, aka raba ta da sakamakon alƙalai.

Sannan aka zo kan babbar magana. Wasanni uku ne a gaba. Na farko dara ce, an mayar da ramukan rijiyoyi, kwamfuta tana karawa da kai har tana cinye ka. Na biyu ɗan garuwa ne yake gudu da kura yana tsallake ramuka, sumul kamar daga kanti. Na uku na 'yan mata biyu ne, ciki har da wadda ta karɓe ni a allon rubutu: famfo ɗaya, layin jarkoki, kana raba ruwa kafin a ɗauke, in ka fifita mai babbar jarka layi ya hargitse. Zanensu kamar na 'yan firamare, sautin ruwan ma da baki suka yi shi.

Wani saurayi ya miƙe ya ce, "Malam, mai darar nan tun bara yake rubuta ta, kowa ya sani." Mai dara bai musa ba. Ya ce aikinsa ne, ba na wani ba, ina laifi? Kuma ya nuna mai ɗan garuwa ya ce wancan fa, ai samfuri ya sauko da shi daga GitHub ya sauya hotuna. Shi kuma ya ce mai samfurin da kansa ya rubuta cewa kowa ya ɗauka kyauta, kuma in ana maganar aro, Godot ɗin da kowa ya yi aiki da shi wa ya rubuta a cikinsu? Ɗakin ya kaure. Kuma ka san wani abu? Kowannensu yana da gaskiya. Babu mai haɗa wasa daga babu. Ko a kashin Ludum Dare mai tsanani an yarda ka zo da injinka da kod ɗin da ka saba farawa da shi. Darar kanta dattawan gindin bishiya ba su ƙirƙire ta ba, gada suka yi. Takardar ƙa'idojinmu ba ta ce komai a kan wannan ba, kuma ba a kafa doka bayan an tashi daga wasa.

Abokina ne ya warware, kuma daga filin jiya ya ɗauko. Ya ce ɗan kokawa yana shigowa da layunsa a fili, alƙali ya taɓa, ya bar wasu ya cire wasu, sannan a kama, kuma kaye a gaban jama'a ake yinsa. To kowa ya zo ya zauna a gaban kwamfutarsa, ya nuna abin da ya shigo da shi da abin da ya yi a nan, sannan alƙalai su ba shi ƙaramin aiki ya yi a idon kowa. Ba a kore kowa ba, amma abin da aka yi a cikin lokacin gasa shi kaɗai za a auna.

Mai dara muka ce ya sa jeri huɗu ya zama ci. Ya buɗe, ya gangara kai tsaye inda abin yake, ya sauya layi biyu, ya yi aiki. Da ya nuna kwanan watan fayilolinsa sai ga shi ƙwaƙwalwar wasan duk tsohuwa ce, rijiyoyin da ƙugiyar guga ne kawai sababbi. Mai ɗan garuwa muka ce ya sa ruwan jarkokin ya riƙa raguwa duk lokacin da kura ta yi tsalle. Ya yi ta hawa da sauka a cikin kod ɗin, gumi yana tsattsafo masa duk da sanyin nan, har ya ɗago ya ce, "Malam, ban san inda yake ba." Na ji tausayinsa, don hotunan da ya zana da hannunsa masu kyau ne ƙwarai, kurar har da lambar waya a jiki irin ta 'yan garuwan gaske. 'Yan matan muka ce su ƙara famfo na biyu. Suka yi gardama da juna cikin raɗa, suka gwada ya lalace, jarkoki suka riƙa hawa kan juna, aka yi dariya, suka gyara.

Su aka ba na ɗaya. Mai dara na biyu, mai ɗan garuwa ya karɓi kyautar zane, ya kuma lashe ta farin jini da rata mai yawa, don fadarsu ta fi kowace yawan mutane. Ni a jerina mai dara na sa a gaba, don ƙwaƙwalwar da ya rubuta aiki ne na gaske ko da bara ya yi shi, kuma har yanzu ina ganin da an faɗi doka tun farko da ya zo da wani abin ya ba kowa mamaki. Alƙalai biyu suka rinjaye ni. Mai dara bai yi mini magana ba da aka tashi, ya naɗe wayar cajinsa ya fita.

Kafin a watse suka zauna suka rubuta ƙa'idojin gasa ta gaba, da Hausa da Faransanci. Duk abin da za ka shigo da shi, naka ko na aro, ka rubuta shi a takarda kafin a zaro jigo. Kowane alƙali ya buga kowane wasa. Kowa zai zauna a yi masa tambaya a gaban kod ɗinsa. Sai ƙaramin nan da ya zaro takarda daga hula ya ɗaga hannu ya ce, to wanda ya sa ChatGPT ya rubuta masa fa, aro ne ko nasa ne? Malamin lissafi ya ce a hana. Mai zane ta ce ta yaya za a gane? Abokina ya ce in mutum ya iya amsa tambaya a gaban kwamfuta shi bai damu da wanda ya taya shi ba. Aka yi ta ja har mai janareta ya leƙo ya ce mai ya kusa ƙarewa, aka bar layin babu komai.

Da safe na biya kasuwar Dole na sayi kilishi da takalman fata, na yi ciniki da dala ba tare da an tambaye ni daga ina nake ba sai sau ɗaya. Naka kilishin yana nan, amma ka zo da wuri, yara sun gano inda na ɓoye shi. Abokina ya ce gasa ta gaba bayan Sallah ce, kuma yana son alƙalai biyu daga waje, don haka na ba shi lambarka.